Aikin Asibiti Ba Na Likita Kaɗai Ba Ne

A makon farko na wannan zango malamarmu ta Bayoloji ta ce kowace ɗaya a cikinmu ta tashi ta faɗi aikin da take so ta yi in ta gama karatu. Mu 42 ne a ajin. Da aka zagaya, mutum 31 suka ce likita. Ni ma har bara abin da nake faɗi ke nan. Malama ta yi murmushi ta ce, "To, in duk kun zama likitoci, wa zai auna jinin? Wa zai ba da maganin? Wa zai kwana da majinyaci?" Aji ya yi tsit. Wannan tambaya ce ta sa na ɗauki alƙalami, don in gaya wa 'yan'uwana 'yan makaranta da iyayenmu abin da na gani da idona, da kuma abin da na bincika daga baya.

A babban hutun da ya wuce yayata tana da cikin fari, wata tara. Ƙafafunta suka kumbura, kullum tana kukan ciwon kai. Tsofaffin gidanmu suka ce ai haka ciki yake. Ranar awo na raka ta ɗan ƙaramin asibitin garinmu, inda babu likita, sai ungozoma da ma'aikacin lafiya guda. Ungozoma ta ɗaura mata abin awon jini a dantse, ta gwada fitsarinta, sai na ga fuskarta ta sake. Ta ce jinin Yaya ya hau ƙwarai, in ba a hanzarta ba jijjiga tana iya kama ta, a rasa uwa ko ɗa. Ta yi mata allura, ta rubuta takarda, ta ce a kai ta babban asibiti yanzu-yanzu, kada a bari sai gobe.

Da muka isa, mai ajiye katin marasa lafiya ya buɗe mata kati. Nas ta kwantar da ita ta sa mata ruwa. Aka ɗauki hoton cikin don a ga kwanciyar jariri. Aka ɗebi jininta aka kai ɗakin gwaje-gwaje, aka gano rukuninsa, aka kuma tace jinin da ƙanin mijinta ya bayar don a tabbata ba shi da wata cuta. Mai haɗa magunguna ya duba takarda ya ba da abin da aka rubuta. Mai allurar kashe zafi ya yi nasa aikin, sa'an nan likita ya shiga ya yi tiyata, aka ciro yarinya da rai. Likitan bai cika awa ɗaya a kanta ba, amma nas-nas kwana 5 suka yi suna karɓa-karɓa a gefen gadonta. Da na ƙirga hannuwan da suka taɓa aikin, na sami mutum 8. Ban rage wa likita komai ba, Allah Ya saka masa. Amma da ungozomar ƙauye ba ta san aikinta ba, da ba mu ma kai wurinsa da sauran numfashi ba. Hausawa sun yi gaskiya da suka ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

To, bari in ɗauki ayyukan nan ɗaya bayan ɗaya.

Na farko shi ne likita. Karatunsa shekara 6 ne a jami'a. In ya gama, sai ya yi shekara 1 ta sanin makamar aiki a ƙarƙashin manyan likitoci, sa'an nan ya tafi bautar ƙasa. Wanda yake son ya ƙware a fanni guda, kamar tiyata ko ciwon yara ko na mata, sai ya ƙara wasu shekaru. Likitan haƙori ma shekara 6 yake yi. Likita na farko daga Arewa shi ne Dakta Barau Dikko, mutumin Wusasa ta Zariya, wanda ya yi karatunsa a Ingila, kuma akwai asibiti a Kaduna mai sunansa. A zamaninsa sai an ƙetare teku. Yanzu kuwa ga Jami'ar Ahmadu Bello, wadda aka kafa a 1962, da asibitinta na koyarwa a Shika, ga na Malam Aminu Kano a Kano, ga na Sakkwato da na Maiduguri.

Na biyu, nas da ungozoma. Nas ita ce idon likita dare da rana. Ita ke lura da zafin jiki da numfashi, ta ba da magani kan lokaci, ta wanke miki, kuma ita ce ta farko da za ta gane in jikin majinyaci ya rikice. Maza ma suna yin wannan aiki. Ungozoma kuwa aikinta awon ciki, da karɓar haihuwa, da kula da mai jego da jaririnta. Ana yin karatun a kwalejojin koyon aikin jinya cikin shekara 3 zuwa 4, ko a jami'a cikin shekara 5.

Na uku, mai haɗa magunguna. Mutane da yawa suna ɗaukarsa kamar mai kanti ne kawai. Ba haka ba ne. Shi ne ya san abin da ke cikin kowane magani, da ƙimar da ta dace da yaro da ta babba, da magungunan da ba a haɗa su a sha tare. In an yi kuskure a takarda, shi ne zai tare kafin ya kai bakin mara lafiya. Karatunsa shekara 5 ne ko 6, da shekara 1 ta koyon aiki.

Na huɗu, masanin ɗakin gwaje-gwaje. Shi ke duba jini da fitsari da majina da bayan gida, ya faɗi ko zazzaɓin cizon sauro ne, ko tarin fuka, ko tsutsar ciki. Shi ne kuma ke gwada masu shirin aure ya gaya musu ko 'ya'yansu za su iya gadon amosanin jini, watau sikila. Ba don shi ba, da likita lalube zai riƙa yi a cikin duhu. Shekara 5 ake yi a jami'a. Haka nan mai ɗaukar hoton ƙashi da ƙirji, shi ma shekara 5. Akwai kuma masu gashin ƙashi da motsa gaɓoɓi, waɗanda ke koya wa mai shanyewar ɓarin jiki ko wanda ya karye tafiya daga farko, da masu awon ido su yanka tabarau.

Na biyar, ma'aikatan lafiya na karkara da malaman tsafta, waɗanda iyayenmu ke kira duba-gari. Ana horar da su a kwalejojin fasahar kiwon lafiya, galibi cikin shekara 2 ko 3. Su ne ke riƙe da ƙananan asibitocin ƙauye, su yi wa yara allurar rigakafi, su duba rijiyoyi da mahauta da kasuwanni. Kada kowa ya raina su. A 1980 aka ba da sanarwar an kawar da cutar agana daga duniya baki ɗaya. A 2013 aka tabbatar babu sauran kurkunu a Nijeriya, cutar da ta riƙa kwantar da manoma tsakiyar damina. A 2020 kuma aka bayyana Afirka ta rabu da asalin ƙwayar shan-inna, bayan an ga na ƙarshe a Jihar Barno a 2016. Duk waɗannan ba a ɗakin tiyata aka ci nasararsu ba. Mutane ne suka bi gida-gida da ƙauye-ƙauye, suna rigakafi, suna koya wa jama'a tace ruwan sha. Rigakafi dai ya fi magani.

Abin da ya kamata mu lura da shi, ƙofofin nan suna da yawa amma mabuɗinsu ɗaya ne. Kusan duka ana neman kiredit 5 a jarrabawar WAEC ko NECO, watau Turanci, Lissafi, Fiziks, Kemistiri da Bayoloji. Mai son shiga jami'a kuma sai ya zauna jarrabawar JAMB, wadda makinta 400 ne, a darussa 4. Masu neman gurbin likita sun fi guraben yawa nesa ba kusa ba, saboda haka ko mai ƙoƙari yana iya rasawa. A nan ne da yawa daga cikin yayyenmu suke yin asara. Wata takan zauna gida shekara 3 tana maimaita jarrabawa ɗaya, tana cewa ko likita ko babu, har zuciyarta ta mutu, alhali sakamakon da ke hannunta ya isa ya shigar da ita wani fannin tun shekarar farko. Ba na cewa kowa ya sauke burinsa. Wadda ta ga tana da ƙarfin likita ta nema da gaske. Amma ta san ƙofa ta biyu da ta uku tun kafin ta cika fom.

Kafin mutum ya zaɓa, ya tambayi kansa gaskiya. Kina iya ganin jini ba ki kau da kai ba? Kina da haƙurin sauraron tsoho yana maimaita magana ɗaya sau uku? Kina iya aikin dare, ranar Salla ma kina asibiti? Wadda ta fi son lissafi da aiki cikin natsuwa, watakila ɗakin gwaje-gwaje ko haɗa magunguna ya fi dacewa da ita. Wadda take da baki da iya shiga jama'a, aikin karkara na jiranta. Wanda ya shiga don farar riga kawai, ko don a kira shi dakta, ba zai daɗe ba zai gaji, kuma marasa lafiya ne za su sha fushinsa.

Ni dai na yanke shawara ungozoma nake so in zama. Da na gaya wa Baba, sai ya ce, "Haba Uwata, duk wahalar nan ba likita za ki zama ba?" Na ce, "Baba, wa ya fara gane ciwon Yaya?" Ya yi shiru, can ya ce, "Allah Ya yi miki albarka, amma ki tabbata kin zama irin waccan." Matsalata ita ce Fiziks, don a zangon da ya wuce maki 38 na ci. Na san ba a shiga da haka. Saboda haka na daina ɓoye takardata, na je wurin malam na faɗa masa inda ban gane ba. Mu 4 a ɗakin kwananmu muka haɗa kai, kowane dare bayan karatun yamma muna warware tsofaffin tambayoyi 10, wadda ta fi gane darasi ta koya wa sauran. A gwajin tsakiyar zango na ci 54. Da sauran tafiya, amma da rarrafe yaro kan tashi.

Iyayenmu kuma ina roƙonsu abu biyu. Na ɗaya, kada a tilasta wa yaro fannin da ba shi da ƙarfinsa, kada kuma a ce ya faɗi don bai zama likita ba. Na biyu, a bar 'ya'ya mata su kai ƙarshen karatunsu. Sau nawa muka ji magidanci ya hana matarsa zuwa asibiti don namiji ne zai duba ta? To, in kowa ya cire 'yarsa daga makaranta, daga ina matan da za su duba matanmu za su fito?

'Yan'uwana, shekara ɗaya da 'yan watanni suka rage mana a makarantar nan, kuma zomo ba ya kamuwa daga zaune. 'Yar Yaya yanzu ta fara zama. Duk lokacin da barci ya ɗauke ni a kan littafin Fiziks, ita nake tunawa in tashi in wanke fuska. Allah Ya ba mu ilmi mai amfani, Ya sa mu amfani garuruwanmu da shi. Amin.