Canjin Kuɗi na 1968: Makami a Lokacin Yaƙin Basasa

A wannan takarda za mu duba yadda canjin kuɗi ya zama makami a yaƙin basasar Nijeriya. 'Yan Biyafara sun kwashi ɗimbin takardun fam daga rassan Babban Banki na Inugu, Fatakwal da Benin, suna sayar da su a ƙasashen waje domin sayen makamai. Saboda haka a Janairu 1968 Gwamnatin Tarayya ta fito da sababbin takardu, ta soke tsofaffin cikin 'yan makonni. Dabarar ta ci, sai dai ba ta bambanta kuɗin haram da na halal ba. Falken Goron Dutse mai ajiya a gida, shi ma tilas ya garzaya banki kafin wa'adi ya cika, ko guminsa ya salwanta. Wannan matsala muka sake gani a 1984 da 2023.