Kitsen Jini "Mai Kyau": Yadda Laƙabi Ya Ja Akalar Bincike

Bahaushe ya ce suna linzami ne. Duk wanda ya taɓa karɓar sakamakon gwajin kitsen jini ya ci karo da sunaye biyu: LDL, wanda ake kira "mugu", da HDL, wanda ake kira "mai kyau". Wannan laƙabi na biyu ya daɗe yana jan akalar likitoci da majinyata.

Laƙabin yana da tushe. A shekarar 1977 binciken da ake gudanarwa a garin Framingham na Amurka ya nuna cewa masu ƙarancin HDL sun fi kamuwa da ciwon zuciya. Aikin HDL shi ne kwaso kolesterol daga bangon jijiyoyin jini zuwa hanta, inda ake fitar da shi ta ruwan maɗaciya. Saboda haka masana suka yi zaton idan aka ƙara yawansa, zai share jijiyoyin da suka fara toshewa.

Gwaji bai gaskata wannan zato ba. A watan Disamba na 2006 kamfanin Pfizer ya dakatar da gwajin maganinsa torcetrapib: ya ɗaga HDL da fiye da kashi 70 cikin ɗari, amma masu shan sa sun fi mutuwa. A 2011 aka tsayar da wani gwajin na sinadarin niyasin don bai rage bugun zuciya ba. A 2024 kuma aka bayyana sakamakon ɗura furotin na HDL a jinin majinyata fiye da 18,000, shi ma bai kawo ragin a-zo-a-gani ba.

Abin da masana suka fahimta yanzu shi ne, adadin da ke kan takardar gwaji manuni ne kawai, yana bayyana nauyin kayan da HDL ya ɗauko ba tare da faɗin ko ya isar da su ba.

Don haka, ya mai karatu, kada yawan HDL ya sa ka ajiye maganin da likita ya rubuta maka. Abin da aka tabbatar yana rage toshewar jijiyoyi shi ne saukar da LDL da magungunan statin, da kula da hawan jini da ciwon sukari, da barin taba, da motsa jiki. Rigakafi dai ya fi magani.