Kafin Ka Sayi Jif, Auna Hanyarka da Hayaƙinka

Duk wanda ya tsaya a Kwangila da safe zai ga yadda jif ta yawaita a Zariya. Highlander, RAV4, CR-V, Lexus, jefi-jefi har Prado, wasu sun nufi Samaru, wasu sun yi wajen PZ, da yawansu kuma mutum ɗaya tal ne a ciki. A da, malamin jami'a ko ɗan kasuwar Sabon Gari in ya samu sarari, Fijo 504 yake saye, irin wadda aka riƙa harhaɗawa a Kaduna tun 1975. Yau burin kowa mota mai tsayi. Haka abin yake a duniya ma: Hukumar Makamashi ta Duniya ta ce kashi 48 cikin ɗari na motocin da aka sayar a 2023 irin wannan ne.

Masu sonta suna da hujja. Wanda gidansa ke cikin lungun da ba kwalta, ko yake da gona a ƙauyukan Giwa, ya san abin da damina ke yi wa ƙaramar mota: ta daki ƙasa, salansa ta ɓalle, a kwana wajen bakanike. Mai iyali da yawa yana buƙatar kujeru bakwai. Ga masu irin wannan lalura, jif kayan aiki ce. Sai dai mai zirga-zirga tsakanin ƙofar jami'ar ABU da kasuwar Sabon Gari a kan kwalta yake tafe, ya je ya dawo. Shi ya kamata ya tambayi kansa: hanya ce ta sa ni, ko idon jama'a?

Mu yi lissafi. Corolla mai lafiya tana shan kimanin lita 8 a kilomita 100, Highlander mai fulogi shida kuwa wajen lita 12. Ɗauki mutumin da ke yin kilomita 30 a rana, kwana 300 a shekara, wato kilomita 9,000. Bambancin da ke tsakanin motocin biyu lita 360 ne. Tun da aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayu, 2023, litar da ba ta kai naira 200 ba sai da ta haura dubu a ƙarshen 2024. Ninka ka gani, kafin a zo maganar manyan tayoyi da baƙin mai da kayan ƙafa. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa.

Wannan man da ya ƙaru, sama yake tafiya. Kowace litar fetur da ta ƙone tana fitar da kusan kilo 2.3 na iskar kabon, wadda ke tare zafi a sararin samaniya. Lita 360 ta zama kilo 800 da ɗoriya a shekara, fiye da abin da ke faɗo wa kowane ɗan Nijeriya idan aka raba hayaƙin man ƙasar nan a kan yawan jama'arta. Hukumar da muka ambata ta ce da jif-jif ɗin duniya ƙasa ce guda, da ita ce ta biyar wajen fitar da wannan iska. Shi ya sa a watan Fabrairun 2024 mutanen Faris, a Faransa, suka kaɗa ƙuri'ar ninka kuɗin fakin sau uku ga manyan motocin masu shigowa birnin.

A nan ne gardama take ƙamari a majalisa. Wani zai ce: "Afirka gaba ɗaya ba ta fitar da ko kashi 4 cikin ɗari na hayaƙin duniya. Turawa sun ɓata, sai a ce ni in shiga ƙaramar mota?" Maganarsa gaskiya ce, amma akwai hayaƙin da ba ya jiran taron ƙasashen duniya. Yawancin jif ɗinmu Beljiyam ne, sun gama ƙuruciyarsu a Amurka ko Turai. A cikin salansarsu akwai matatar hayaƙi da bakanikai ke kira indomi, wadda ke rage gubar da inji ke fitarwa. Saboda ƙarafa masu tsada da ke cikinta, ana cire ta a sayar, wani lokaci tun kafin mota ta iso hannun mai saye. Mota babu indomi, gubarta tana sauka kai tsaye a ƙirjin ɗan acaɓa, da mai Keke Napep, da yarinyar da ke tallan gyaɗa a bakin titi, da yaranka da ke kujerar baya a cunkoso. A lokacin hunturu kuma ta haɗu da ƙura, masu asma su ji a jikinsu.

Saboda haka, in har hanyarka ta tilasta maka jif, ɗauki mai fulogi huɗu irin RAV4 ko CR-V, ka bar mai shida da mai takwas ga wanda ke jan kaya. Kada ka biya ƙarin kuɗi don mota mai jan ƙafa huɗu alhali ba ka shiga laka. Je da bakaniken da ka yarda da shi, wanda ba na dillali ba, a ɗaga motar a duba indomi, a sa kwamfuta ta karanta lafiyar inji. Bayan ka saya, kula da iskar taya, yi sabis a kan kari, kuma kada ka bar inji yana aiki kana zaune cikin sanyi a ƙofar makaranta kana jiran yara.

In kuwa tafiyarka ba ta wuce Samaru zuwa Sabon Gari ba, ƙaramar mota ta ishe ka. Kuɗin lita 360 ɗin nan ka kai su kuɗin makaranta, maƙwabtanka kuma su shaƙi iska mai dama-dama.