Yadda Ake Kafa Rumbun Ajiyar Intanet a Gida ko Ofis Domin Rage Kuɗin Data

Gabatarwa

A watan Janairu na shekarar 2025, Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, wato NCC, ta amince wa kamfanonin sadarwa su ƙara kuɗin kira da na data da kashi 50 cikin ɗari. Wannan ƙari ya shafi magidanci mai 'ya'ya ɗalibai, kamar yadda ya shafi sakatariyar ƙaramar hukuma, da asibitin karkara, da makarantar da ke da ɗakin kwamfuta. Saboda haka muka ga ya dace mu yi wa jama'a bayanin wata dabara ta tsimin data, wato kafa sabar furoksi mai ajiya, wadda a nan za mu riƙa kira rumbun ajiya. Za mu faɗi yadda take aiki, da yadda ake kafa ta, da kuma iyakacin amfaninta a yau, domin kada a kashe kuɗin gida ko na hukuma a kan abin da ba zai biya buƙata ba.

Mene ne rumbun ajiya?

Kowa ya san amfanin randa a tsakar gida. Ana ɗebo ruwa daga rijiya a zuba, sannan duk mai jin ƙishirwa ya sha daga randar ba tare da ya tafi rijiya ba. Haka wannan na'ura take. Kwamfuta ce guda ɗaya da ake sanyawa tsakanin sauran kwamfutocin gida da intanet. Idan wani ya nemi wani fayil, ita ce za ta ɗauko masa, kuma ta ajiye kwafi a faifanta. Idan wani ya sake neman wannan fayil, sai ta ba shi daga abin da ta ajiye, ba a taɓa data ba.

Misali, ofishi na da kwamfuta 10, kowace tana buƙatar sauke sabuntawar manhaja mai nauyin megabait 500. Ba tare da rumbu ba, za a kashe kusan gigabait 5. Da rumbu kuwa, sau ɗaya za a sauke, sauran tara su karɓa daga cikin gida, cikin sauri.

Rumbun ba ya riƙe abu har abada. Shafi yakan zo da bayanin tsawon lokacin da aka yarda a ajiye shi. Idan wa'adin ya cika, rumbun zai tambayi inda aka ɗauko shi ko an yi canji, kafin ya ba wani.

Manhajar da ta fi shahara a wannan aiki ita ce Squid, wadda ta fito a shekarar 1996 daga wani aikin bincike na jami'a a Amurka mai suna Harvest. Kyauta ake samun ta. Cibiyoyin intanet na haya da jami'o'i da dama sun dogara da irinta a zamanin da layin intanet ke da tsada da jinkiri.

Abin da ya kamata a sani tun farko

A wancan zamani yawancin shafuka a buɗe suke tafiya, ta hanyar da ake kira HTTP, don haka rumbu yana iya ganin abin da ya wuce ya ajiye. Yau lamarin ya sauya. Tun daga shekarar 2015 aka fara raba takardun shaidar tsaro kyauta ga masu shafuka, kuma a shekarar 2018 burauzar Chrome ta fara yi wa duk shafin da ba shi da tsaro alamar gargaɗi. Sakamakon haka, mafi yawan shafuka sun koma HTTPS, inda ake kulle saƙo tsakanin mai karatu da shafin. Rumbu yana miƙa irin wannan saƙo ne kamar ɗan aike da aka ba wasiƙa a cikin ambulan: zai kai, amma ba zai iya kwafa ba.

Ma'anar wannan ita ce, rumbu ba zai rage datar da ake kashewa a Facebook, ko YouTube, ko WhatsApp ba. Duk wanda ya zo da tayin kafa wa ofis rumbu yana alƙawarin haka, to a yi hattara da shi. Inda rumbu yake da amfani har yanzu shi ne wajen sauke manhajoji da sabunta su, musamman a kwamfutocin da ke aiki da Debian ko Ubuntu, da kuma wajen sanin inda data ke tafiya da hana shiga wasu shafuka a lokacin aiki. Gidan da wayoyi kaɗai ke cikinsa ba zai ga wata riba ta kirki ba. Wurin da ke da kwamfutoci da yawa iri ɗaya shi ne zai ci moriya.

Kayan da ake buƙata

Ana buƙatar tsohuwar kwamfuta mai lafiya, ko ƙaramar na'urar nan Raspberry Pi wadda aka fara sayarwa a 2012. Samfurinta na 4 ba ya cin wutar da ta wuce wat 15, don haka ƙaramin sola da batir sun ishe shi. Sai faifan ajiya mai sarari, domin katin memori yakan lalace da wuri idan ana yawan rubutu a kansa. Sai wayar sadarwa da za ta haɗa na'urar da rauta kai tsaye. Haka kuma a tanadi inbata ko batirin ko-ta-kwana, domin ɗaukewar wuta ba zato kan ɓata abin da aka ajiye, kuma idan rumbu ya mutu duk kwamfutocin da suka dogara da shi za su rasa intanet.

Matakan kafawa

1. A ɗora Debian ko Ubuntu a kan na'urar, sannan a ba ta tsayayyen adireshin IP, misali 192.168.1.10, domin sauran kwamfutoci su riƙa samun ta a wuri ɗaya kullum. Idan lambobin rautar gidan sun bambanta da waɗannan, sai a bi nata.

2. A sauke manhajar da wannan umarni: sudo apt install squid

3. A buɗe fayil ɗin tsare-tsare mai suna /etc/squid/squid.conf, bayan an ajiye kwafinsa a gefe. A rubuta layukan da ke bayyana waɗanda aka yarda su yi amfani da rumbun:
acl gida src 192.168.1.0/24
http_access allow gida
Wajibi ne layin izinin ya zo kafin layin http_access deny all, domin Squid daga sama yake karantowa, kuma ƙa'idar farko da ta dace ita yake bi.

4. A ware wurin ajiya. Squid ba ya ajiye fayil ɗin da ya wuce megabait 4 sai an umarce shi, kuma ba ya amfani da faifai sai an nuna masa. Don haka a rubuta waɗannan, a jere kamar haka:
maximum_object_size 1024 MB
cache_dir ufs /var/spool/squid 20000 16 256
Lambar 20000 tana nufin megabait dubu ashirin na faifan. Kada a ba shi faifan gaba ɗaya, a bar sarari ga sauran ayyuka.

5. A duba ko akwai kuskure da umarnin sudo squid -k parse, sannan a sake tayar da shi da sudo systemctl restart squid

6. A kowace kwamfuta, a shiga wurin saitin furoksi a rubuta adireshin rumbun da lambar ƙofarsa, wato 3128. A wayoyi ana yin haka a saitin Wi-Fi, sai dai manhajojin waya da yawa ba sa bin wannan umarni.

Yadda za a gane yana aiki

Squid yana rubuta duk abin da ya wuce a fayil ɗin /var/log/squid/access.log. Kalmar TCP_MISS tana nufin daga intanet aka ɗauko. TCP_HIT tana nufin daga rumbu aka bayar, wato an yi tsimi. TCP_TUNNEL kuwa kullallen saƙo ne da aka miƙa kawai. Muna ba da shawarar a yi gwaji na wata guda da tsohuwar kwamfuta kafin a sayi sabon kaya. Idan TCP_HIT bai taka kara ya karya ba, to rumbun bai dace da wurin ba.

Tsaro da amana

Kada a kuskura a buɗe ƙofar 3128 ga duniyar waje. Ɓata-gari suna neman irin waɗannan buɗaɗɗun na'urori domin su fake da su su yi zamba, kuma adireshin mai gida ko na ofis ne zai bayyana.

Akwai hanyar da ake sa Squid ya buɗe kullallun saƙonni, amma sai an dasa wata takardar shaida a kowace na'ura, kuma hakan zai ba mai kula da rumbun damar ganin kalmomin sirri da harkokin bankin mutane. Ba mu goyi bayan yin haka ba. Dokar Laifukan Intanet ta 2015 ta haramta tare saƙon mutane ba bisa ƙa'ida ba, sannan Dokar Kare Bayanan Jama'a ta 2023 ta ɗora alhaki a kan duk mai riƙe bayanan wasu. Ko ba a buɗe saƙo ba, rajistar Squid tana nuna sunayen shafukan da kowace kwamfuta ta ziyarta. Don haka a sanar da ma'aikata ko iyali tun farko, kuma a damƙa rajistar a hannun amintacce.

Wasu hanyoyi masu sauƙi

Idan kwamfutocin Windows ne, suna da tsarin Delivery Optimization wanda ke ba su damar raba sabuntawa a tsakaninsu, kunna shi kawai ake yi. Ga masu Debian da Ubuntu akwai apt-cacher-ng, wadda aka yi musamman don ajiye manhajoji. Makarantu kuma za su iya amfani da Kiwix su sauke Wikipedia, har da ta Hausa, ɗalibai su karanta ba tare da intanet ba.

Kammalawa

Daga ƙarshe, muna kira ga shugabannin sassa a ƙananan hukumomi, da shugabannin makarantu, da magidanta, da su fara bincika abin da ke cinye datarsu kafin su yanke shawara. Idan sabunta manhajoji ne a kwamfutoci da yawa, rumbu zai taimaka. Idan kallon bidiyo ne a wayoyi, maganin yana wajen rage ingancin hoton da kashe saukewa ta kai tsaye. Allah ya sa mu dace.