Gahawar da Matafiyan Maradi Ke Wucewa a Hanyar Makka da Istanbul

A shekarun 2024 da 2025 farashin gahawa, wadda mutanen gari suka fi sani da kofi ko kafe, ya hau sosai a kasuwannin duniya, kuma zafin tashin ya iso har teburan masu shayi na Maradi da Tibiri da Jiratawa, inda gwangwanin Nescafé da madara da burodi suka zama karin kumallon direbobi da 'yan lambu. Mafi yawan masu ƙorafi suna ɗora laifin a kan rufe iyakoki da ya biyo bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, kuma akwai ƙamshin gaskiya a maganar, tun da kayan da a da ake saukewa a Kwatano sun koma zagayowa ta Lome da Burkina Faso. Sai dai tushen tsadar yana can nesa, domin fari ne ya faɗa wa Brazil da Vietnam, ƙasashe biyu da suka fi kowa noman gahawa, har nau'in arabika, wanda ya fi ƙamshi, ya haura dala 4 a kan laba ɗaya a kasuwar New York cikin Fabrairun 2025, nau'in robusta kuwa, mai ɗaci da ƙarfi wanda aka fi yin garin gwangwani da shi, ya wuce dala 5,000 a kan tan ɗaya tun a 2024.

Wannan ruɗani ƙarami ne idan aka gwada shi da wanda ke ƙarƙashinsa, wato ɗaukar da ake yi cewa gahawa abin shan Bature ce, har wasu ba su san mata wata siffa ba sai garin nan da ke narkewa a ruwan zafi. Garin kuwa baƙo ne a tarihinta, domin sai a 1938 kamfanin Nestlé ya fito da Nescafé a Suwizalan, ta hanyar dafa gahawa a masana'anta a busar da ruwanta, kuma a wannan busarwa ne yawancin ƙamshin yake gudu. Abin takaici shi ne Alhazan Maradi, waɗanda fataucinsu ke kai su Dubai da Istanbul da Jidda, sukan cusa 'yan ƙullin garin a jaka su tafi da shi ƙasashen da aka daɗe da sanin gahawa tun kafin a san ta a Faransa.

Asalin bishiyar arabika tsaunukan kudu maso yammacin Habasha ne, shan ta kuwa ya kafu ne a Yaman cikin ƙarni na 15 a hannun Sufaye, waɗanda suka same ta mataimakiya wajen kore barci a daren zikiri. Daga nan ta bi ɗalibai da mahajjata zuwa Makka da unguwar Azhar a Alƙahira, kuma da yake kalmar ƙahwa tana cikin sunayen da Larabawan dā ke kiran giya da su, sai gardama ta tashi tsakanin malamai, har a 1511 wani jami'in Mamluk mai suna Khair Beg ya hana shan ta a Makka, hanin da bai daɗe ba. A ƙarni na 16 Abdulƙadir al-Jaziri ya rubuta littafi sukutum a kan halascinta, a tsakiyar ƙarnin kuma aka buɗe gidajen gahawa na farko a Istanbul, alhali Landan ba ta ga nata ba sai 1652. Sunan Moka da Turawa ke liƙa wa wasu nau'o'in kofi sunan tashar jiragen ruwan Yaman ne da ake fitar da ita.

Hausawa ba su jira Turawa ba kafin su ɗanɗana ta. Mahajjatan ƙasa da suka bi ta Barno da Wadai da Darfur, suka yi shekaru suna noman auduga a Sudan don tara guzuri, da waɗanda suka zauna a Mai Wurno a bakin kogin Nilu bayan yaƙin Burmi na 1903, sun san jabana, 'yar tukunyar ƙasa mai dogon wuya da ake dafa gahawa da citta a cikinta. Dalilin da ya sa ba ta yi jijiya a ƙasar Hausa ba kuwa ba ɓoyayye ba ne, domin goro ya riga ta cike gurbin: sinadarin da ke hana barci, wanda masana ke kira kafeyin, yana cikin goron da ayarin fatake ke ɗaukowa daga Gwanja, har wasu marubutan Turai na ƙarni na 19 suka riƙa kiran goro gahawar Sudan, wato ta Afirka ta Yamma. Bai dace a ce Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo ta Maradi da gidajen rediyon jihar suna kallo tsofaffin da suka taka wannan hanya da ƙafa suna ƙarewa ba tare da an naɗi labarin abin da suka ci, suka sha, suka koyo ba, domin in sun tafi babu kundin da zai maye gurbinsu.

Matafiyin da ke son gahawa mai kyau ba ya buƙatar dogon karatu, abin lura kawai shi ne a soya 'ya'yan ba da daɗewa ba, a niƙa su dab da dafawa, kuma hanci ne ke fara shaida hakan tun daga ƙofar shago. A Saudiyya da Dubai ana yi musu suya sama-sama, a dafa da hel, wani ɗan yaji mai ƙamshi, a zuba daga butar da ake kira dalla cikin ƙaramin finjali, babu sukari, dabino ne ke ɗauke ɗacin, kuma baƙo yakan karɓa da hannun dama, ya girgiza finjalin idan ya ƙoshi. A Istanbul ana niƙa ta lilis a tafasa ta da tukar a ciki, don haka ake barin ta ta kwanta kafin a kurɓa. Hukumar UNESCO ta sanya gahawar Turkiyya cikin al'adun da ɗan Adam ya gada a 2013, ta Larabawa kuma a 2015. Wanda jirginsa ya yada zango a Adis Ababa kuwa ya iso gidan abin, inda ake kiranta buna, a soya ta a gaban baƙo tare da turaren wuta, a sha zagaye uku, na ƙarshen sunansa baraka, tsarin da duk wanda ya saba jiran shayi na ɗaya da na biyu da na uku a kan gawayi zai gane nan take.

Ba za a noma gahawa a Jiratawa ba, domin bishiyar tana son inuwa da sanyi da ruwan sama da ya ninka na Maradi sau biyu ko uku, kuma ruwan rijiyoyin da ke shayar da zogalen garin ba zai sauya zafin bazara ba. Amma sarrafa ta wani abu ne dabam, kuma Senegal ta nuna hanya da kofin Tuba, wanda mabiya ɗarikar Muridiyya ke danganta shi da Shehu Ahmadu Bamba, da Faransawa suka kora zuwa Gabon daga 1895 zuwa 1902. Robusta ce ake soyawa tare da ɗan itacen da Wolof ke kira jar, a tace, a sayar a ƙananan kofuna a kan titunan Dakar, kuma jar ɗin nan ba wani abu ba ne illa kimba, wadda ke jibge a rumfunan masu kayan yaji na babbar kasuwar Maradi kusa da kanumfari da citta. 'Ya'yan gahawar kuma ana noma su a Kodebuwa, wadda motocin goro suka daɗe da sanin hanyarta, da kuma tsaunin Mambila a jihar Taraba.