Zuga Daban, Fifita Daban: Darasin Hunturu Daga Boɗinga Zuwa Shagari

Duk wanda ya taɓa kwana a ƙasar Sakkwato cikin watan Janairu ya san bambancin sanyi da ɗari. Sanyi na damina ne, mai laima. Ɗari kuwa shi ne busasshen nan na hunturu, mai tsaga leɓe da diddige, mai sa tsoho ya raba dare yana juyi. Shi ya sa har gobe a ƙauyukanmu, da an idar da sallar lisha sai ka ga an ɗebo garwashi a kasko an shige da shi ɗaki, a toshe taga da tsumma, a ja ƙyaure.

Wannan kaskon ne ya so ya raba ni da gwaggona a garin Shagari, mahaifar marigayi Alhaji Shehu Shagari, wanda ya shugabanci ƙasar nan daga 1979 zuwa 1983. Wata asuba aka tarar da ita tana fama da ciwon kai da jiri da amai, ta kasa ko miƙewa. 'Yan gida suka ce iska ce ta buge ta. Sun yi gaskiya ba su sani ba, domin iskar ce, amma ba ta aljanu ba. Gawayi idan yana ci a rufaffen ɗaki yakan fitar da wata iskar guba da masana ke kira kabon monoksaid, wadda ba ta da launi, ba ta da wari, kuma jinin ɗan Adam ya fi kama ta fiye da yadda yake kama iskar oksijin sau fiye da 200. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa gurɓatacciyar iskar cikin gida ta yi sanadin mutuwar mutum miliyan 3.2 a shekarar 2020. Allah Ya yi gwaggo tana da sauran shan ruwa.

Hana ta jin ɗumi ba magani ba ne, domin ɗarin ma ciwo ne. Ina hanyar komawa Sakkwato ina wannan tunani sai na yada zango a Boɗinga, wajen wani maƙeri da muka saba. A nan na lura ya jingine zugazugin fata na gado, ya ɗaura gargaren keke da igiyar roba, yana murzawa da hannu, wata 'yar fanka ta gwangwani tana tura iska cikin wuta. Na ce a raina, ashe ga maganin nan a kusa.

Da ɗokina na sayo 'yar fankar cikin kwamfuta mai aiki da batirin babur, na kafa ta gaban kasko a ƙofar maƙerarsa. Nan take garwashi ya yi jajir, toka ta turnuƙe, tartsatsi ya huda mini babbar riga, gawayin da zai kai dare ya cinye kafin mu gama gaisawa da maƙwabta. Maƙerin ya yi dariya ya ce, "Malam, ai wagga zuga ta."

Mai karatu, shekara da shekaru ina koyar da ilimin harshe, amma ranar aka karantar da ni. Hausa ta riga ta raba ayyukan nan biyu. Zuga ita ce tura iska cikin wuta don ta ƙara ci, daga nan muka sami zugazugi, da kuma zuga mutum ya yi faɗa. Fifita kuwa kaɗa iska ce don ta zagaya, daga nan muka sami mafici. Ɗakin gwaggo ba ya rasa zafi. Zafin ne ke tashi sama ya taru a rufi, kasancewar iska mai ɗumi ta fi mai sanyi rashin nauyi, ita kuwa tana kwance a tabarma ɗari na cin ta.

Abin da muka haɗa daga baya ba shi da wuya. Ya yanka ƙaramin durom, ya yi masa ƙofa da murfi, ya fitar da bututun ƙarfe daga samansa wanda zai bi ta bango ya kai hayaƙi waje. Fankar kuma muka kafa ta a ƙasa, nesa kaɗan don kada robarta ta narke, tana busa jikin durom ɗin ta waje, ba cikin wutar ba. Da muka kafa shi a Shagari, muka bar 'yar kafa a taga don sabuwar iska ta riƙa shiga. Ɗumi ya game ɗaki da gawayin da bai kai na da ba. Gwaggo ta ce, "Ɗan nan, ashe bokon naka yana da rana." Ban iya gaya mata cewa bokon na maƙeri ne ba.

Dabarar ba sabuwa ba ce. Wajajen 1742 Benjamin Franklin na Amurka ya ƙera murhun ƙarfe don wannan manufa. Kakanninmu ma sun gina gadon ƙasa mai ramin wuta a ƙarƙashi don mai jego, ƙasa ta riƙe ɗumi ta sake shi a hankali.

Abin takaicin shi ne, Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo tana da Cibiyar Binciken Makamashi tun 1982, wadda ta yi aiki a kan ingantattun murahu, ga Maƙerar Assada a cikin birni, ga maƙera a kowace kasuwa, amma mu 'yan boko ba mu cika zama a kan buzunsu ba. Su suna da hannu, mu muna da lissafi. Ina kira ga abokan aikina da shugabannin ƙananan hukumomin Boɗinga da Shagari su haɗa ɓangarorin nan biyu tun kafin hunturu ya kama.

Kafin nan, duk mai tsoho a gida ya leƙa ɗakinsa da dare. In ya ga garwashi a buɗe da taga a toshe, ya fitar da kaskon. Allah Ya kiyashe mu.