Lissafin da ke ɓoye cikin motar injin niƙa

 

In ka leƙa rumfar mai naɗin koyil, za ka tarar da motar injin niƙa a kwance, an buɗe cikinta, tana warin ƙuna. Kafin maigidan ya zare ƙonanniyar wayar, sai ya ƙirga zagaye nawa ke cikin kowane rami, ya rubuta da alli a bango, ya auna kaurin wayar. To, wa ya yanke cewa zagaye kaza ne daidai?

Duk wayar da wuta ke bi tana haifar da ƙarfin maganaɗisu a kewayenta, kuma shi ke juya motar. A 1865 wani masani ɗan Sikotilan, James Clerk Maxwell, ya tsara dokokin wannan ƙarfi cikin lissafi. Sai dai alƙalami da takarda ba sa warware su sai a kan siffa mai sauƙi, kamar miƙaƙƙiyar waya ko ƙwallo. Cikin mota kuwa haƙora ne da ramuka da lunguna.

Dabarar da injiniyoyi suka samo, manomi ya san ta. Gonar da iyakarta ta karkace, nan kwari, can kukar maƙwabci, ba a auna ta gaba ɗaya. Yanka ta ake yi ƙanana, a auna kowane yanki, a haɗa. Haka ake zana motar a kwamfuta, a datsa zanen zuwa dubban ƙananan alwatika. Cikin kowace ana ɗauka cewa ƙarfin yana sauyawa a hankali, a tilasta mata ta dace da maƙwabtanta, sannan kwamfuta ta warware su a tare. Inda ake da hatsari, kamar ɗan tsakanin da ke raba ƙarfen da ke juyawa da wanda ke tsaye, sai a ƙara ƙanƙanta yankan. Peter Silvester na Jami'ar McGill a Kanada yana cikin waɗanda suka shigo da wannan hanya fagen lantarki wajen 1969.



Abin da lissafin ke nunawa ya shafi aljihunku kai tsaye. Ƙarfe yana ƙoshi da maganaɗisu. In aka rage zagayen koyil don tsimin waya, ƙarfen ya wuce ƙoshinsa, motar ta riƙa zuƙar wuta fiye da kima, ta yi zafi. In kuma aka sa waya siririya, zafin daga wayar zai taso. Ko ta wace hanya, ana tsakiyar kakar masara inji zai tsaya.

A ganinmu, bai kamata wannan ilmi ya tsaya a ajin injiniyoyin Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya ba. Akwai manhaja kyauta mai suna FEMM da ƙaramar kwamfuta ke iya ɗauka. Ɗalibanmu da ke dawowa hutu, ku je rumfunan nan da ita, ku zauna da masu sana'ar, su ma suna da abin koya muku.

Ku kuma masu injuna, in kun kai gyara, ku ce a mayar da adadin zagaye da kaurin waya yadda aka tarar da su, ko da kuɗin ya ɗan ƙaru.